Takardar Shaidar Talauci

Shekara goma sha biyu Barry Ackrill ya yi a gidan hayar Mista Sowerby, kuma ko sau ɗaya kuɗin haya bai taɓa wuce ɗaya ga wata a hannunsa ba. Dokar matarsa Noreen ce tun ranar da suka tare: haya tukuna, sannan ciki. Fam ɗari uku da tamanin ne, kuma tsohon bai taɓa ƙara musu ko kwabo ba, alhali gidajen layin irin nasu sun haura ɗari biyar da hamsin. Barry ya san lissafin sarai. In suka bar gidan nan, babu wani gida mai ɗaki biyu a Grimsby da albashin mai yankan kifi zai iya riƙewa. 'Yarsu Jodie tana shekara goma sha shida, jarrabawarta ta kammala sakandare tana watan Yuni, makarantar kuma tafiyar minti goma ce da ƙafa.

Sai dai riƙe hayar nan yana da tsadarsa. In aka cire ta aka yi cefane, abin da ya rage a asusu ba ya kai wa ƙarshen wata. Kuɗin waya ya zo ya tarar babu, banki ya mayar da shi ya ci tarar fam talatin da biyar. Inshorar mota ta zo, wata talatin da biyar. Tarar kanta ta tura asusun cikin rami, sai a ci shi wata tarar saboda ya faɗa ramin. Akwai watan da fam huɗu kacal suka gaza, banki ya cire ɗari da biyar.

Lokacin da magana ta bazu cewa mutane suna karɓo kuɗin tarar da bankuna suka ci su, Barry ya biya fam goma aka turo masa takardun asusunsa na shekara shida. Ya zauna a teburin kicin da jan biro yana ja wa kowace tara layi, Jodie tana haɗa masa a kalkuleta. Fam dubu biyu da ɗari shida da arba'in. Ya rubuta wasiƙar neman a mayar masa, ya aika. Bayan sati uku sai aka ji a labarai cewa an kai maganar gaban babbar kotu a Landan, kuma an dakatar da duk wani biya har sai alƙalai sun yanke hukunci. Biya aka dakatar. Cin tara kuwa bai tsaya ba ko na kwana ɗaya.

Wata goma sha takwas ke nan. A tsakani kamfanin kifi ya rage musu aiki zuwa kwana huɗu a sati. Barry ya sayar da kayan kamun kifinsa, ya daina zuwa kallon ƙwallo, abincinsa na rana ya koma burodi da man shafawa. Kullum kafin ya shiga aiki sai ya tsaya a na'urar cirar kuɗi ya duba abin da ya rage, ba don zai cire komai ba, don dai zuciyarsa ba ta barinsa ya wuce.

Wata Laraba da ba ya aiki ya shiga bankin, don ya ji an ce akwai wata ƙofa. Wai duk wanda yake cikin matsi na gaske, ana iya duba maganarsa ba sai an jira kotu ba. Wata matashiya da sunanta, Gemma, ke maƙale a ƙirjin rigarta ta zaunar da shi, ta ɗauko fom.

"Ana bin ka kuɗin haya, Mista Ackrill?"

"A'a."

"Harajin gunduma?"

"A'a."

"Gas ko lantarki? Sun taɓa aiko maka takardar za su yanke?"

"Ba su taɓa ba. Muna kashe na'urar ɗumama gida ne, mu sa riguna biyu."

Ta ɗan cije leɓe, ta dubi fom ɗin. "To ka ga, a nan abin da suke so shi ne takarda. Wasiƙa daga mai gida ko daga kamfanin gas, mai nuna ka kasa biya."

"Ai don kada in kasa ne na sayar da kayana."

"Na gane, wallahi na gane. Amma babu inda zan rubuta wannan." Ta juyo masa da takardar ya gani da idonsa. "A yadda take ɗin nan, kai mutum ne mai riƙe da gidansa lafiya lau."

Washegari a hutun shayi ya ba Dougie labari. Dougie Blanchard shekara ashirin suna tsaye da Barry kafaɗa da kafaɗa a teburin yanka, mutum ne mai ƙiba da baki, wanda bai taɓa jin matsala ya rasa maganinta ba, musamman in ba tasa ba ce.

Dougie ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Kai, Barry! Wato har talaucin ma ka faɗi jarrabawarsa?"

"Ba abin dariya ba ne."

"Abin dariya ne mana. Kai ne mutum na farko da na sani da gaskiyarsa ta hana shi zama matalauci. Ji nan, sarkin biya a kan lokaci. Ƙanin matata wata biyu ya ƙi biyan haya, aka aiko masa da jar wasiƙa, ya kai banki. Sati huɗu suka zuba masa dubu ɗaya da ɗari tara. Yanzu haka yana Sifen yana gasa tumbinsa a rana."

"Ni ba zan ƙi biyan haya ba."

"Wa ya ce ka cinye kuɗin? Ajiye su za ka yi. Wasiƙa na zuwa ka ruga ka biya. Mai gida bai yi asarar komai ba, kai ka samu takardarka. Ko ka zauna jiran alƙalan nan na Landan masu hular gashin doki. Su albashinsu na tafiya ko sun yanke ko ba su yanke ba."

"Noreen za ta kashe ni."

"To wa ya aike ka ka gaya mata? Ni shekara nawa ina shan taba, matata Sandra a saninta na daina tun auren ƙanwarta."

Barry bai so hanyar Dougie ba, don haka ya fara gwada wata. Ran Asabar ya je gidan Mista Sowerby, ya same shi a rumfar bayan gida yana jera dankalin shuka a kwandunan ƙwai. Tsohon ya rame tun faɗuwar da ya yi a kaka. Barry ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fito da maganar: layi biyu kawai yake so, a rubuta cewa ana bin sa hayar wata biyu.

"Ana bin ka?"

"A'a, Mista Sowerby. Ai ka sani."

"To me zan rubuta?" Tsohon ya ajiye dankalin. "Barry, shekarata tamanin da ɗaya. Ban sa hannu a kan ƙarya ina da ƙarfi ba, ba zan fara yanzu da ƙafata ɗaya a kabari ba. Ko da na so ma, takardun ba sa hannuna. Tun Kirsimeti Hilary ta kwashe komai ta kai wa dillalan gidaje. Wai na tsufa da lissafi."

Hilary ita ce 'yarsa, tana zaune a Lincoln. Barry sau biyu ya taɓa ganinta.

A hanyar komawa gida maganar dillalan ta yi ta yi masa yawo a kai, kuma abin mamaki sai ta kwantar masa da hankali. In dillalai ne, ai ba tsohon zai ɓata wa rai ba. Ofis ne, kwamfuta ce za ta ga ba a biya ba ta tofo wasiƙa. Ba wanda zai dube shi a ido.

Ɗaya ga Fabrairu ya ciro fam ɗari uku da tamanin kamar kullum, ya wuce ta gaban ofishin dillalan bai shiga ba. Ya sa kuɗin a ambulan, ya naɗe a leda, ya tura cikin tsohon takalmin roba a lokarsa ta ajiye kaya a wurin aiki. Da ya dawo Noreen ta tambaye shi daga kicin, ko juyowa ba ta yi ba, "Ka biya?" Ya ce, "Na biya." Wannan ce ƙarya ta farko mai nauyi da ya yi mata a shekara goma sha tara, kuma ta fito masa da sauƙin da ya ba shi tsoro.

Daga ranar bai ƙara samun sukuni ba. Sau uku a yini yake buɗe loka ya taɓa takalmin. Ya roƙi shugaban aiki ya mayar da shi aikin rana don ya riƙa tarar mai kawo wasiƙu kafin Noreen ta dawo daga gidan da take shara. Ya yanke a yatsa sau biyu a sati ɗaya, shi da ya shekara bai yanke ba. Jodie ta lura.

"Baba, me kake yi a bakin ƙofa kullum kamar karen da ke jiran mai gidansa?"

"Iska nake sha."

"A Fabrairu? Da silifa?"

"Ke dai je ki yi karatunki, uwar tambaya."

Wasiƙar farko ta zo a tsakiyar wata, amma tunatarwa ce mai laushi, har da fatan yana lafiya. Ya nuna wa Dougie. Dougie ya ce wannan ba ta isa ba, sai mai jan rubutu, sai an cika wata biyu. Ɗaya ga Maris ambulan ta biyu ta bi ta farko cikin takalmin.

Ranar sha ɗaya ga Maris jar wasiƙar ta iso. Jan rubutu a sama, sunansa, adireshinsa, bashin fam ɗari bakwai da sittin. Barry ya tsaya a bayan ƙofa yana karantawa, sai ya ji yana murmushi. Da ya gane abin da yake wa murmushin, sai ya naɗe takardar ya cusa a aljihu. Ya je laburare aka yi masa kwafinta, ya haɗa da fom ya kai wa Gemma. Ta karɓa, ta duba, ta dube shi. Daga nan bai tsaya ko'ina ba sai wurin aiki, ya kwaso ambulan biyun, ya kai ofishin dillalai. Wata mata ta ƙirga kuɗin sau biyu ta ba shi rasit. Ya fito yana jin kamar an sauke masa buhun gishiri daga ka. A ransa magana ta ƙare, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Ya koma aikin safe. Shi ya sa ranar bakwai ga Afrilu Noreen ce ta tarar da wasiƙun.

Da ya shigo ya same ta zaune a teburin kicin da rigar aikinta, ko takalmi ba ta cire ba. Takardu biyu ne a gabanta. Ta tura masa ɗaya da yatsa.

"Fara da wannan. Ta abokanka ce."

Ta banki ce. Sun duba halin da yake ciki, sun yarda yana cikin matsi. Saboda kyautatawa, ba don sun amsa laifi ba, za su mayar masa da tarar wata shida na baya, fam ɗari huɗu da ashirin. An riga an zuba kuɗin a asusunsa don rage bashin da ke kansa. Sauran kuwa sai kotu ta yanke hukunci. Wato ko kwabo ba zai taɓa da hannunsa ba. Ramin ne kawai ya ɗan rage zurfi.

"Yanzu karanta ɗayar."

Notis ne daga dillalai. Mai gida yana buƙatar gidansa. An ba su wata biyu, su fita kafin goma ga Yuni.

"Kuskure ne," in ji Barry. "Na biya su. Ina da rasit."

"Na kira su." Muryarta ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi tsawa ciwo. "Na ce musu kuskure ne, mu ba mu taɓa makara ba. Na yi wa yarinyar da ta ɗauki wayar masifa, Barry. Na ce ta buɗe idonta ta duba da kyau. Ta duba da kyau, ta karanto min."

Ya zauna. Ya gaya mata komai, Gemma, Dougie, takalmin roba. Ta saurara har ya gama.

"Dougie," ta ce. "Dougie da ya sayi mota ba inji. Shi ne lauyanka."

"Don mu na yi. Na ga in aka ba mu kuɗin nan za mu fita daga ramin gaba ɗaya, ke ma ki huta da..."

"Sau biyu na tambaye ka. Sau biyu ka ce min ka biya." Ta miƙe ta ɗauki butar shayi, ta tsaya riƙe da ita ba ta zuba ruwa ba. "Jarrabawar lissafin Jodie ranar tara ga Yuni ce. Ka san haka? A jikin firij take a manne."

Ya sani. Shi ya manna ta.

Da safe ya je ofishin dillalan da rasit a hannu. Wani mai ƙaramin gemu, Mista Pell, ya fito ya same shi a kanta, bai ce ya zauna ba.

"Ba a bin ka komai, Mista Ackrill, wannan gaskiya ne. Amma notis ɗin ba na bashi ba ne. Doka ta ba mai gida dama ya nemi gidansa da wata biyu, ba sai ya faɗi dalili ba."

"Shekara goma sha biyu fa."

"Na gani a fayil. Wallahi da ni ne..." Ya ɗaga kafaɗa. "Umarni aka ba mu. Za a gyara gidan a sa shi kasuwa."

"To ku ba ni wani. Kuna da gidaje a allon nan."

"Akwai. Mafi araha ɗari biyar da saba'in da biyar, da kuɗin ajiya na wata guda. Kuma sai sabon mai gida ya ga tarihin biyanka." Ya rufe fayil ɗin. "Dole mu rubuta abin da ya faru a Fabrairu da Maris. Ba mu da ikon ɓoyewa."

Daga nan ya wuce gidan Mista Sowerby a ƙafa, don ba ya son ƙona mai. Tsohon yana zaune a falo da bargo a gwiwa. Bai yi mamakin ganinsa ba.

"Zauna, Barry. Na san abin da ya kawo ka."

"Mista Sowerby, kuɗin suna nan tun farko. Ko fam ɗaya ban taɓa ba. Takardar kawai nake so."

"Na sani. Tun da Hilary ta faɗa min na gane abin da ka yi." Ya yi tari, ya goge baki. "Shekara uku tana bina in sayar da gidan da kuke ciki. Kuɗin masu kula da ni yana da yawa, kuma ba ƙarya take yi ba. Kullum amsata ɗaya ce: mutanen nan ba su taɓa makara da kwana ɗaya ba, ba zan tashe su ba. Da wannan nake rufe mata baki. Ba ni da wata hujjar, ita ke nan. Ranar da dillalai suka kira ta, ta zo nan da takardar ta ajiye min a kan bargon nan. Me zan ce mata?"

"Ka ce mata na biya."

"Na faɗa. Ta ce wanda ya yi sau ɗaya zai kuma. Kuma yanzu sa hannunta ne ke aiki, ba nawa ba." Ya kalli taga. "Da na rubuta maka ƙaryar nan, da kuna nan zaune. Na yi ta tunanin wannan. Har yanzu ban san ko da zan rubuta ba."

Barry ya miƙe. Ya gyara wa tsohon bargon da ya zame, ya yi masa sallama.

A ofishin gunduma suka sa sunansu a layin masu neman gida. Matar da ta karɓi fom ta ce layin shekara biyu ne, kafin nan sai dai ɗaki ɗaya a masaukin wucin gadi, in an samu, wataƙila ma a wani garin, Scunthorpe. Ta kuma gargaɗe shi cewa za a bincika ko shi ya jawo wa kansa rasa gidan, don in haka ne nauyinsa a kan gunduma kaɗan ne. Barry ya ce ya gane. Dougie ya daina zama kusa da shi a hutun shayi, sai dai wata rana ya ajiye masa fam arba'in a aljihun riga. A labarai aka ce bankuna sun ɗaukaka ƙara zuwa kotun ƙoli, wataƙila a ji hukunci kafin ƙarshen shekara.

A makon ƙarshe na Mayu ya fara bi ta bayan babban kanti yana roƙon kwalayen ayaba, don su ne masu ƙwari. Yana kawo uku-uku a kafaɗa. Noreen tana naɗe kofuna a jarida, tana magana da shi a kan abin da ya zama dole kawai. Ran Lahadi da rana ya hau sama da kwali biyu, ya ƙwanƙwasa ɗakin Jodie. Tana zaune a ƙasa, littattafai da katunan bita sun kewaye ta.

"Na kawo miki waɗannan. Ba sauri, in kin samu lokaci."

Ta dubi kwalayen. "Daga Scunthorpe bas nawa ne zuwa makaranta?"

"Ba za a kai ga haka ba. Jarrabawarki ta ƙarshe..."

"Sha bakwai ga wata ce ta ƙarshe, Baba. Kimiyya. Bas nawa ne?"

"Biyu. In kin fita shida da rabi."

Ta gyaɗa kai, ta rubuta a bayan hannunta da biro. Sannan ta ja kwali ɗaya ta fara zuba takalma da tsofaffin kayan wasa a ciki.

"Littattafan a bar su sai ranar tashi," ta ce. "Kada Mama ta rufe min su a ƙasan wani abu."

Ya ce to. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofar ko za ta ƙara cewa wani abu, amma ta riga ta koma kan katunanta, leɓunanta na motsi. Ya sauko a hankali ya je neman salatif ɗin liƙe kwalaye.